Hoton Kan Auta

Na riga Auta fara ciwon kai da shekaru masu yawa, amma ita aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta.

A wani ƙauye na bakin tafkin Kainji muka tashi, a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. Babanmu masunci ne, Inna kuma banda take yi. In maza suka fito daga ruwa da hantsi, aikin mata ya fara ke nan. A fasa cikin kifi, a wanke, a lanƙwasa tarwaɗa a soke ta da tsinke, a jera bisa raga, sannan a hura ɗanyen itace a ƙasa don ya ba da hayaƙi. A cikin wannan hayaƙin na girma, kuma ko da na yi aure ban bar shi ba, domin gidan mijina da na Inna unguwa ɗaya ne. Haka ita ma Auta, ƙanwata, wadda daga ita Inna ba ta sake haihuwa ba.

Ciwon ya same ni a shekarar da na fara ganin al'ada. Ta bayan idon hagu yake farowa, kamar ana tura mini ƙusa a hankali, sannan ya kama ɓarin kan gaba ɗaya yana bugawa. In ya zo, ƙyallin rana a kan ruwa ya zama abokin gabana, ƙarnin kifin da na saba da shi tun ina goye ya riƙa juya mini ciki. Nakan zagaya bayan danga in yi amai, in kurkure baki, in dawo in ci gaba da juya kifi. Wani lokaci ya wuni, wani lokaci ya kai ni washegari.

Inna ba ta taɓa yarda da shi ba. Takan ce wannan ciwo ne mai wayo, ya san lokacin aiki. Baba ya karɓo mini rubutu, an yi mini turare, na sha ƙwayoyin kemis kala-kala. Da abin ya ƙi, sai gidan ya saba da shi, aka mai da shi halina. In aka ga na ɗaure kai da kallabi tamau ina runtse ido, sai a ce yau 'yan halin sun motsa.

Na Auta ya zo ne bayan haihuwarta ta fari, ba da daɗewa da gama wankan jego ba. Muna tsaye a wurin banda ta ce rabin fuskar Inna kawai take gani, kuma wani abu yana walƙiya a gefen idonta. Kafin mu gane me take nufi ta ce hannunta ya mutu, leɓenta ma haka. Ta buɗe baki za ta kira sunan ɗanta, wata kalma dabam ta fito. Inna ta saki kwandon da ke hannunta. Nan da nan gida ya cika, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Mijinta ya samo mota muka nufi asibitin Yelwa, ni ce riƙe da jaririn.

Tun a hanya maganarta ta dawo, hannun ya saki. Sai ta dafe ɓarin kanta, ta ja mayafi ta rufe ido, ta roƙi direba ya kashe rediyo. Can ta ce a tsaya za ta yi amai. Ina kallonta na gane baƙon. Mijinta yana ta salati, ni kuwa hankalina ya kwanta, domin na san ba mutuwa za ta yi ba. Amma tare da kwanciyar hankalin sai na tuna wani abu. Ban taɓa ganin an ɗauko mota don kaina ba.

A asibiti suka duba ta, suka ce ba shanyewar jiki ba ce. Suka ce mu dawo ranar da wata likitar ƙwaƙwalwa za ta zo daga babban asibitin koyarwa, tana neman mata masu irin wannan ciwo. Ranar da muka koma, muka tarar da wata mata mai gilashi, mai magana a hankali, Hausarta irin ta gabas. Ta yi mana bayani cewa sunansa ciwon ɓarin kai, ya fi kama mata fiye da maza, kuma sau da yawa yana da alaƙa da al'ada ko haihuwa. Ta ce ita da abokan aikinta suna tara mata, masu ciwon da marasa shi, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da wata babbar na'ura, a gwada a ga ko akwai bambanci.

Ta fara yi wa Auta tambayoyi. Auta mai kunya ce, ga shi sau biyu kacal ciwon ya taɓa kama ta, sai ta riƙa waiwayena. Likita ta tambaya ko haske yana damunta, na ce ƙwarai, musamman wanda ya daki ruwa ya dawo. Ta tambaya ko akwai wata alama kafin ya zo, na ce mutum yakan yi ta hamma, wuyansa ya ƙage, ya ji yana son abu mai zaƙi. Sai ta ajiye biron ta dube ni ta saman gilashi.

"Malama, ita ce marar lafiyar ko ke?"

Na ce ni rakiya na yo.

"Na ji. Amma ke tun yaushe kike da shi?"

Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na fara magana, na kasa tsayawa. Na gaya mata ƙusar bayan ido, da aman bayan danga, da yadda yake zuwa gab da al'ada, da yadda ya ɗaga mini ƙafa duk lokacin da nake da ciki ya dawo bayan na haihu. Tana ta rubutu tana gyaɗa kai, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce irina suke nema, domin na daɗe da shi, kuma na san shi. Na sunkuyar da kai ina gyara wa jaririn hula don kada su ga fuskata.

Sai ta zo kan wasu tambayoyi da ta ce dole ne a yi wa kowa. Ko ina da ciki, na ce a'a. Ko an taɓa yi mini aiki, na ce a'a. Ko akwai wani ƙarfe a jikina. Na yi dariya na ce sai dai tsinin ƙugiya. Ina yarinya ina taya Baba naɗe mamari, wato igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, sai ta ɓalle, ƙugiya ɗaya ta kama ni a ƙarshen girar hagu. Wanzami ya cire ta, amma tsinin ya karye a ciki, nama ya rufe shi. Ni har na manta da shi.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta taso ta danna wurin da yatsa, ta tura ni aka ɗauki hoton ƙashi, ga shi nan kuwa, ɗan ɗigo kusa da ido. Ta ce na'urarsu mayen ƙarfe ce mai ƙarfin gaske, tana iya motsa shi, kuma ba za ta yi wasa da idona ba. Na ce abin da ya kwana a wurin tun ina yarinya ai ya zama jiki. Na ce na yarda, ko me ya faru ni na jawo. Ta ce ta yi mini alƙawarin magani da shawara daidai da na ƙanwata, amma na'ura ba zan shiga ba. Ta cika alƙawarin kuwa, ta rubuta mini magani, kuma yana taimakona har yau in na sha shi da wuri. Sai dai ni a ranar ba magani nake so ba.

Da lokacin tafiya birnin da na'urar take ya yi, ni aka sake zaɓa in raka Auta, saboda jariri. Muka kama hanya bayan asuba, muka isa birnin da rana tsaka. Aka zaunar da mu a kan benci a wani dogon zaure mai sanyi, fitilu farare a sama suna sukar ido. Wata ma'aikaciya ta ce Auta ta cire duk wani ƙarfe. Ta cire 'yan kunne, da zobe, da awarwaro, da fil ɗin mayafi, ta zuba mini a tafin hannu, aka shiga da ita.

Akwai wasu mata a kan bencin suna jiran layi. Wata manomiyar shinkafa daga wajen Shanga, mai gicciye a wuya, tana ba da labarin yadda nata yake kama ta a fadama, ta shige ƙarƙashin bishiya ta lulluɓa da zane. Wata malamar makaranta ta ce nata hayaniyar yara ke tayar da shi. Suna ta karɓar zancen juna suna dariya, kamar 'yan gida ɗaya da suka daɗe ba su haɗu ba. Duk abin da suka faɗa na san shi, wasu ma na fi su sani. Sai 'yar Shangan ta juyo ta tambaye ni ko bayan wa zan shiga. Na ce ni 'yar rakiya ce. Ta ce Allah sarki, Allah ya raba ni da wannan ciwo, ta juya ta ci gaba da hirarsu. A lokacin ƙusar ta riga ta fara shiga bayan idona, saboda doguwar hanya da fitilun nan. Na zauna da jariri a kafaɗa da 'yan kunnen Auta a hannu, ina jin na'urar tana ƙwanƙwasa ta bayan ƙofa kamar maƙera.

Auta ta fito idonta ya yi ja. Ta ce an tura ta cikin wani rami matsattse kamar kabari, an hana ta motsi, ƙara ta cika mata kunne, ta karanta duk addu'ar da ta sani. Ta ce da ta san haka ne da ba ta zo ba. Na miƙa mata ɗanta. Da na buɗe baki a lokacin, da na faɗi abin da ba shi da kyau.

Likita ta kira mu ta nuna mana hoton a kwamfuta. Ban taɓa zaton cikin kan mutum haka yake ba, lanƙwasa bisa lanƙwasa, launin toka, ɓari biyu suna kallon juna. Ta ce alhamdu lillahi babu ƙari, babu alamar wani mugun abu. Auta ta tambaya to ina ciwon. Likita ta ce ba ya fitowa a hoton mutum ɗaya yadda za a nuna shi da yatsa, sai an tara na mata da yawa an gwada, watakila a ga wani abu, watakila kuma a daɗe ba a gani ba. Ta ba mu kwafi a kan baƙar leda mai kauri, cikin babban ambulan.

A gida ba wanda ya tsaya sauraron wannan bayanin. Hoton ya zagaya unguwa. Mata suna zuwa sannu da zuwa, a fito da shi, a ɗaga shi a rana, kowa ta ce Allah mai iko. Baba ya kai shi bakin ruwa ya nuna wa abokansa. Mijin Auta ya sayo mata baƙin tabarau, ya ce ita da hayaƙi sun rabu. In ta ce kanta ya fara, a share mata ɗaki, a kore yara, a hana daka a kusa. Ko ta ce tana son taya mu aiki, sai Inna ta ce ta koma, likita ta hana. Rabonta na banda ya dawo kaina.

Ba laifin Auta ba ne, na sani. Ba ta taɓa yin taƙama da abin ba, takan ma gaya wa mutane cewa Yaya ta fi ta shan wahala. Sai su ce ayya, su ci gaba da kallon hoton. Na ce musu ni ma likita ta tabbatar da nawa, na nuna kwalin magani. Kwalin magani kuwa kowa yana da shi a ɗakinsa.

Wata rana wata maƙwabciyarmu ta zo da baƙuwarta don ta ga hoton. Ina tsugune ina fasa kifi, kaina a ɗaure. Ta ɗaga ledar ta nuna wasu fararen ƙwallaye biyu a gaba, tana gaya wa baƙuwar cewa ga ciwon nan, dubi girmansa, yarinya tana yawo da wannan a kai. Ban ɗago ba na ce waɗannan ƙwayar idonta ne, kowa yana da su, kuma likita da bakinta ta ce ba a ga komai ba. Baƙuwar ta yi dariya. Maƙwabciyar ta mayar da hoton cikin ambulan. Auta ta tashi ta shige ɗaki.

Da la'asar Inna ta tayar da maganar, muna mu biyu muna shirya busasshen kifi cikin kwali don kasuwar Yelwa.

"Haushin ƙanwarki kike ji," in ji ta.

Na ce ba haushinta nake ji ba. Na ce shekara nawa ina amai a bayan dangar nan, ba wanda ya taɓa kore mini ko kaza.

Ta ci gaba da jera kifi. Can ta ce, "Wanga inji nasu, suna sa tsohi ciki?"

Na ce ban sani ba, mi ya sa ta tambaya.

Ta ce nata na dama ne. Ya fara mata tun tana budurwa, suna zaune a gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogi, kafin ruwa ya ci garinsu a dawo da su tudu. Ta ce takan shiga cikin jirgin babanta da aka kife a gaɓa don ta sami duhu, in an neme ta ta ce bacci ya ɗauke ta. Bai bar ta ba sai da al'ada ta ɗauke mata. Ta ce duk lokacin da ba kowa a gida takan ɗauko hoton Auta ta duba, ko haka nata kan yake.

Hannuna ya tsaya a kan kwali. Na tambaye ta, tun da ta san shi, don me ta riƙa ce mini mai ciwon wayo.

"In na bar ki kin kwanta, gidan miji wa zai bar ki? Ni wa ya bar ni?"

Na ce amma ta bar Auta.

"Ita an gani," ta ce. Ta ja igiya ta ɗaure kwalin.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Amma daga ranar, in ta ga na ɗaure kai, takan ce in je in duba mata wani abu a ɗakinta, ɗakin da ya fi kowanne duhu, kuma ba ta aiko a kira ni.

Duk da haka zancen na'urar bai fita raina ba. Bayan damina na gaya wa mijina ina so a cire mini tsinin ƙugiyar. Ya ce abin da bai taɓa damuna ba don me za a yanka fuskata a kansa. Na nace har ya gaji ya kai ni Yelwa. Aka yi mini allura, aka tsaga, aka ciro shi, baƙi, bai kai ƙwayar dawa ba. Idona ya kumbura na kwanaki, mutane suna tambaya ko faɗuwa na yi. Da ya warke na sa Auta ta kira lambar wayar da likita ta ba ta. Wata mata ta ɗauka, ta saurare mu da ladabi, ta ce sun gama tara mata, yanzu nazarin hotunan ake yi. Ta ce in ba wata sabuwar alama ta tayar da hankali, ba ni da buƙatar hoto, in ci gaba da maganina.

Auta ta ajiye wayar ta dube ni. Ta shiga ɗaki ta fito da ambulan ɗin ta miƙo mini.

"Yaya, ki riƙe shi wurinki. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, naki ba zai bambanta da wanga ba."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi yi mini zafi. Na ce ta mayar da kayanta, ba nawa ba ne.

Yanzu Inna ta tsufa, wurin banda ya dawo hannuna, ina da mata masu taya ni. In ciwon ya zo nakan ce musu kaina ya tashi, in shiga ɗaki in rufe taga, ba mai ce mini komai. Auta albasa take sayarwa a bakin kasuwa, nesa da hayaƙi, nata ciwon sai jifa-jifa. Ba mu taɓa jin abin da binciken ya gano ba. Ita ba ta tambaya, ni ce nake ƙara muryar rediyo in ana shirin lafiya aka ambaci ƙwaƙwalwa. Nakan tuna cewa a wani ofis can a birni kan Auta yana cikin na sauran mata, da na 'yar Shanga da na malamar makaranta, masu ilimi suna zaune suna duba su da kyau.

Da ranin da ya wuce na biya ta rumfarta, hira ta kawo mu kan hoton. Ta ce ta daɗe ba ta gan shi ba, watakila yana ƙasan akwati, watakila kuma yara sun ɗauka sun yi wasa da shi. Ta faɗa tana dariya. Na ce mata abu irin wannan ba a wasa da shi, ta je ta nemo shi. Ta ce to, Yaya, ta juya ta ci gaba da auna wa wata mata albasa.